Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Jawabi Ga Matasan Mazaɓun Dawakin Tofa

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin dattawan tafiya ya yi wa matasan mazaɓu a Dawakin Tofa bayan an kawar da amfanin gona. Mun rubuto shi kamar yadda aka faɗa, domin 'yan uwa da ba su samu halarta ba.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

  

An ce in yi magana a kan siyasa. To, zan yi, amma yau ba zan taɓa maganar takarar shugaban ƙasa ko ta gwamna ba, wannan kuna shan ta a wayoyinku safe da yamma. Ni maganar kwalbati na zo da ita. Na ga wasu suna dariya. Ku ba ni minti kaɗan.

A ƙauyenmu akwai hanyar burji da ta haɗa mu da kwalta. A tsakiyarta akwai kwalbati ɗaya, tsohuwa, tun ina saurayi aka yi ta. Wata shekara bakinta ya fara zubewa. Kowa ya gani. Mu da muke zaman majalisa bayan la'asar mun gani, mun yi tsaki, mun ce gwamnati ba ta aiki. Wani yaro ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, aka kwana biyu ana zage-zage, 'yan wannan gida suna cewa laifin 'yan wancan gida ne, su ma suna ramawa, daga nan aka koma wata maganar. Haka muka yi shekara biyu. A damina ta uku, cikin watan Agusta, ruwan dare ɗaya ya tafi da ita. A wannan makon ne matar ƙanena ta tashi da doguwar naƙuda. Mai a-daidaita-sahu ya zo bakin ramin ya tsaya, babu hanya. Sai a amalanke aka ɗora ta, aka zagaya ta cikin gonakin mutane. Tafiyar da ba ta fi minti 15 ba ta ci fiye da awa guda. Allah ya raya uwar, jaririn bai zo da rai ba.

Rai na Allah ne, kuma kowa da kwanansa, wannan mun yi imani da shi. Amma bayan an share makoki na shirya na tafi sakatariya a fusace. Wani ma'aikaci ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Baba, Allah ya ba da haƙuri. Ina takardarku?" Na ce wace takarda? Ya ce ta koke, wadda kuka kawo a kan kwalbatin. Jama'a, wallahi babu. Shekara biyu muna surutu, a cikinmu akwai malaman makaranta, akwai masu digiri, akwai ni da nake taƙama da siyasa tun zamanin jamhuriya ta biyu, babu wanda ya rubuta layi ɗaya ya kai. Hukuma ma tana da ido, ban wanke kowa ba. Amma a ranar na gane cewa koken da bai hau takarda ba, bai shiga kasafi ba, a wajen hukuma kamar ba a yi shi ba ne. Abin da na zo in faɗa muku ke nan, sauran duk bayani ne.

Mu fara da sanin gidanmu. Dawakin Tofa ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, kuma ɗaya daga cikin 774 na ƙasar nan. Mazaɓunmu 11 ne: Dawaki ta Gabas, Dawaki ta Yamma, Dawanau, Tumfafi, Kwa, Ganduje, Gargari, Jalli, Marke, Tattarawa da Ɗanguguwa. A ƙidayar 2006 an samu sama da mutum 240,000 a nan. Ku raba wannan gida 11, za ku ga tun a wancan lokacin kowane kansila yana ɗauke da mutum fiye da 20,000 a wuyansa. Yanzu kuwa ku duba yadda birni ya miƙo ta Dawanau da Tumfafi, ku duba yaran da aka haifa tun daga nan. Mutum ɗaya ba zai san yoyon kowane ɗaki ba sai mai ɗakin ya faɗa masa.

Muna da kasuwar Dawanau, wadda ake zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru da kudancin ƙasar nan a ɗauki gero da dawa da wake da riɗi da zoɓorodo. Mun fitar da gwamna, Dokta Abdullahi Umar Ganduje, wanda ya yi mulkin jihar nan daga 2015 zuwa 2023. Hakiminmu a tarihi Madakin Kano ne, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. Ba ƙaramin gida ba ne wannan. To amma tuƙa-tuƙar da ta lalace a bayan makarantar firamare ba ta san duk wannan tarihin ba. Ita abin da ta sani shi ne mai gyara da kuɗin kayan gyara.

Matasa, kada wani ya ce muku wannan ƙaramar magana ce, ba siyasa ba. Siyasar Kano daga nan ta faro. Lokacin da aka kafa NEPU a ranar 8 ga Agusta, 1950, abin da ya cika bakin talaka shi ne mulkin En'e: haraji, jangali, aikin tilas, da yadda ake yi da mutum a gaban alƙali. Malam Aminu Kano da mutanensa a kan abin da ke ƙofar gidan talaka suka sha ɗauri da duka. Da gwamnatin PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi ta hau a 1979, cikin abubuwan farko da ta yi har da soke haraji da jangali. Kafin nan, a 1976, gwamnatin soja ta yi wa tsarin ƙananan hukumomi garambawul a duk ƙasar, aka mai da su mataki na uku na gwamnati, da manufar a kawo mulki kusa da jama'a. Duk wanda ya ce shi ɗan siyasar Kano ne, kowane gida yake, wannan gadonsa ne.

To mene ne aikin ƙaramar hukuma? Ba ni na ƙirƙira ba, yana cikin tsarin mulkin 1999. Sashe na 7 ya ce ƙananan hukumomi su kasance a hannun zaɓaɓɓun shugabanni. Jadawali na huɗu kuma ya jera ayyukansu. A ciki akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da banɗakunan jama'a. Akwai yin hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da gyara su. Akwai kwashe shara. Akwai kula da maƙabartu. Akwai rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Akwai sa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Sannan aka ce su sa hannu tare da jiha a harkar ilimin firamare da yaƙi da jahilci, da bunƙasa noma, da kiwon lafiya. Ku sake sauraron jerin nan. Tun daga ranar da aka haife ka har ranar da za a kai ka makwancinka, kana hannun ƙaramar hukuma.

Sanin wannan yana da amfani, domin da yawa daga cikinmu muna kai kuka gidan da ba a yi mutuwa ba. Titin Kano zuwa Katsina da ya ratsa Dawanau na Gwamnatin Tarayya ne. In ya lalace, wanda za ka nema shi ne ɗan majalisar wakilai na Dawakin Tofa, Tofa da Rimin Gado, da sanatan Kano ta Arewa. Makarantar sakandare da babban asibiti na jiha ne, akwai ɗan majalisar jiha da muka zaɓa don wannan. Taransifoma tana da kamfanin rarraba wuta da ke kula da ita. Amma kwalbatin cikin ƙauye, lambatun unguwa, bolar da ta toshe hanya, katangar maƙabarta, rumfar kasuwar ƙauye, waɗannan ƙofar kansila da ciyaman za ka ƙwanƙwasa. Sai ka ga mutum ya tare kansila a wajen ɗaurin aure yana masa faɗa a kan farashin fetur, alhali lambatun ƙofar gidansa da kansilan zai iya kai maganarsa majalisa bai ambata ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce kowa yake jira. Duk wata ana zama a Abuja a raba abin da ya shiga asusun tarayya. A tsarin rabon da ake bi, Gwamnatin Tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi kashi 20.60. Shekara da shekaru wannan kason namu ba ya zuwa kai tsaye, yana sauka ne a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na tsarin mulki ya tanada. Wannan ba a Kano kaɗai ba ne, kuma ba gwamnati ɗaya ko jam'iyya ɗaya ce ta yi ba. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa shugabannin riƙo a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Bayan nan ne aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Kano ranar 26 ga Oktoba, 2024, aka cike kujerun ciyamomi 44 da na kansiloli 484.

Aiwatar da hukuncin kotun ya yi ta jan ƙafa a ƙasar nan, wannan kowa ya sani. Amma ina so ku riƙe abu biyu, kuma ku riƙe su tare. Na farko, adadin da kuke gani an ce an turo wa ƙaramar hukuma a wata, ba duka ne kuɗin aiki ba. A ciki ake biyan albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya na matakin farko, da na ma'aikatan sakatariya, da fansho, da kason masarauta. Wanda ya ɗauko adadin ya sa a Facebook ya ce ciyaman ya cinye duka, bai yi adalci ba. Na biyu, bayan an cire duk wannan, akwai abin da ya rage, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kason da ake rabawa a naira ya ƙaru sosai. Saboda haka wanda zai ce maka "babu kuɗi" ya juya ya tafi, shi ma bai gama magana ba. Tambayar da ta dace ita ce: nawa ya shigo, nawa ya tafi albashi, nawa ya rage, me aka yi da shi? Adadin da kowace ƙaramar hukuma ta samu ba sirri ba ne, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa shi a intanet. Datar da kake ƙonawa kana zagin ɗan uwanka ta ishe ka ka buɗe shi.

Kuma akwai kuɗin shiga na cikin gida: na rumfuna, na tasha, na mayanka, na lodi. Mu da muke da kasuwa irin Dawanau a ƙasarmu, ya kamata kowane kansila ya iya faɗa mana kason da ke shiga aljihun ƙaramar hukuma daga abin da ake karɓa a can da sauran kasuwanninmu. Ku kuma 'yan kasuwa da direbobi, duk wanda ya karɓi kuɗinku da sunan hukuma, ku nemi rasit. Kuɗin da babu rasit ba ya zama kwalbati.

Yanzu in zo kan lokaci, domin nan ne muka fi yin asara. Hukuma ba ta kashe kuɗi sai a kan abin da ke cikin kasafi. Kasafin shekara mai zuwa kuwa a ƙarshen wannan shekarar ake haɗa shi. Sassan ƙaramar hukuma, na ayyuka da na lafiya da na noma da sauransu, kowa ya kawo buƙatunsa, kansiloli su duba, ya bi ta Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi, ya je gaban Majalisar Dokokin Jiha. Mu kuwa yaushe muke kuka? A watan Agusta, lokacin da ruwa ya riga ya shigo ɗaki. A lokacin kasafin ya yi wata bakwai da rufewa. Manomi ya san ba a neman iri ranar shuka. Yanzu da muke zaune a nan, bayan kaka, rami yana nan a buɗe, alamar ruwa tana nan a jikin bango, yanzu ne lokacin rubuta takarda. In kun bari sai hadari ya haɗu, kun sake rasa shekara guda.

Bari in taɓa abubuwan da na fi jin mutanenmu suna kuka da su.

Ruwan sha. Ku zaga mazaɓunku ku ƙirga rijiyoyin burtsatse da tuƙa-tuƙa da aka yi, sannan ku ƙirga masu aiki. Za ku ga matsalarmu ta fi yawa a wajen gyara. Ɗan siyasa yana son sabuwar rijiya domin ana yanka ƙyalle a ɗauki hoto, gyara kuwa babu mai ɗaukar hotonsa. Alhali abin da za a haƙa sabuwa guda ɗaya da shi zai tayar da matattu da yawa. Ku nemi a sa kuɗin gyara a kasafi da sunan kowace rijiya. Ku ma a unguwa ku kafa kwamiti na mutum uku, har da mace, domin mata da yara su ne masu ɗibar ruwan, su suka fi sanin ranar da ta fara ƙugi.

Asibiti. Manufar ƙasa ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibitin matakin farko guda ɗaya mai aiki sosai. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma wani ɓangare na kuɗin yana zuwa asusun asibitocin da aka zaɓa. A tsarin, kowace mazaɓa tana da kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido a kan asibitin. Tambayata gare ku: wa ya san 'yan kwamitin mazaɓarsa? Yaushe suka zauna? Akwai ungozoma mai kwana, ko da magariba ake rufe ƙofa? Firjin allurar rigakafi yana aiki? Kun ga yadda cutar mashaƙo ta yi mana ɓarna a Kano a 2023, kuma yaran da ba a yi wa rigakafi ba su suka fi shan wahala. Wannan ba maganar jam'iyya ba ce, maganar 'ya'yanmu ce.

Makaranta. Jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kafin nan ma an yi shelar ilimi kyauta kuma dole a 2019. Duk shela ce mai kyau, amma ajin da iska ta yaye wa rufi sai wani ya kai sunansa ofishin sakataren ilimi kafin a san da shi. Kowace firamare ana so ta kasance da kwamitin iyaye da mutanen gari masu kula da ita. Ku shiga. Ku ƙirga malaman da ke cikin rajista, ku ƙirga waɗanda kuke gani a aji.

Ƙasa. Wannan ita ce wadda nake jin tsoro. Yankinmu yana cikin karkarar da ta fi cikar jama'a a arewacin ƙasar nan, gona na jikin gona, babu saura. Har wani Baturen Ingila masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekaru yana nazarin yadda manoman kewayen Kano suke noma gona ɗaya kowace shekara ba ta mutu ba, saboda taki da dabbobi da bishiyoyi. Yau gonakin nan ana yanka su fuloti. Mai gona yana da ikon sayar da gonarsa. Amma idan aka yanka unguwa guda babu filin makaranta, babu na asibiti, babu hanyar ruwa, babu maƙabarta, nan da shekara 10 wa za a zaga? Burtali kuma kullum ƙara tsukewa yake, kowa yana ci da taku ɗaya, sai ranar da shanu suka faɗa gona a ce rikicin manoma da makiyaya. Dagatai da masu unguwanni sun san iyakar kowane burtali da kowace mashaya. A zauna da su da sashen noma, a rubuta, a kafa alama tun tsofaffin da suka san iyakar suna raye.

Shara. Iyayenmu da jakuna suke ɗebo sharar birni su zuba a gona ta zama taki. Yanzu rabinta leda ce, ta kashe gona, ta toshe lambatu, ta kashe akuya. Ƙaramar hukuma tana da duba-gari, a nemi su dawo aiki kamar da. Mu kuma mu dawo da aikin gayya kafin ruwan farko.

To, na faɗi na hukuma, bari in faɗi namu, kuma ku yi haƙuri da ni. Mu 'yan jam'iyya mu ne muka fi kowa lalata kansila. Tun asuba mun cika masa ƙofar gida. Wannan matarsa ta haihu, wannan zai aurar da 'ya, wannan babur ɗinsa ya lalace, wannan kuɗin data yake so. Cikin mutum 30 da wuya ka samu ɗaya da ya zo da maganar unguwa. Mun mai da shi baitulmali, shi kuma ya gane cewa in ya ba ka dubu biyu ya sayi bakinka na wata guda. Ranar da ka karɓi na cefane, ka sayar da bakin da za ka tambayi rijiya da shi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na san akwai talauci, ni ma a cikinsa nake. Amma aikin kansila shi ne ya zauna a majalisa, ya duba kasafi, ya yi dokokin ƙaramar hukuma, ya bi sawun aikin da aka bayar. Mu bar shi ya yi wannan, mu kuma tambaye shi a kansa.

Ga abin da nake roƙonku, kuma ba ya buƙatar ko sisi daga Abuja.

Kowace mazaɓa ta sayi littafi guda. Cikin makonni biyu ku zaga ƙauyukanku tare da mai unguwa, ku rubuta abin da ya lalace: sunan wurin, abin da ya same shi, tun yaushe, gida nawa yake shafa. Ku ɗauki hoto.

Sannan ku zauna da dattawa da mata ku zaɓi uku kacal da suka fi gaggawa. In kun kai buƙata 40, kun ba mutum damar ya zaɓi mai sauƙi ya bar mai muhimmanci. Kuma kada ukun nan duk su faɗo a ƙauyen shugaban jam'iyya.

Ku rubuta takarda, da Hausa ma ya isa, dagaci da liman da shugabar mata da shugaban matasa su sa hannu. A yi kwafi uku: ɗaya ga kansila, ɗaya ofishin ciyaman, ɗaya a hannunku. Wanda ya karɓa a sakatariya ya buga hatimi ya sa kwanan wata a kan kwafinku. Wannan hatimin ya fi sharhi dubu a Facebook.

Idan kasafi ya fito, ku nemi ganin shafin mazaɓarku. Idan an ba da kwangila, ku nemi sanin abin da aka rubuta za a yi, ku je ku tsaya a wajen aikin cikin ladabi. Mai ginin da ya san akwai idon gari a kansa ba ya rage siminti.

Duk bayan wata uku ku gayyaci kansila ya zauna da ku a filin makaranta, a buɗe littafin nan, a bi layi-layi: wannan an yi, wannan ba a yi ba, ga dalili. Abin da aka yi, ku hau waya ku yaba, da hoto da sunan ƙauye. Abin da ba a yi ba, ku tuna masa da hoto da kwanan wata, ba tare da zagin iyayen kowa ba.

Na san abin da wasu za su ce: Baba, wannan ai zagon ƙasa ne, za ka ba 'yan adawa makami. Ɗana, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ramin da ke kan hanya ba sai ka nuna wa ɗan adawa ba, a kansa yake wucewa kullum. Wa'adin ƙaramar hukuma a Kano shekara 3 ne, kamar yau ne za ku ga an dawo neman ƙuri'a. Ranar nan kai ne za ka shiga zauren mutane, ba ciyaman ba. Tsohuwar da ke sayen jarkar ruwa a wajen 'yan ga-ruwa ba za ta tambaye ka mabiyanka nawa a TikTok ba, rijiya za ta nuna maka. In namu ne a kan kujera, wannan littafin shi ne zai tsare masa mutunci. In ba namu ba ne, shi ne hujjarmu a gaban jama'a. Ta kowace fuska ba mu yi asara ba.

Shugabanni da ke nan, ku ma ina roƙonku da girman Allah. Yaron da ya zo muku da takardar unguwarsu ba maƙiyinku ba ne. Wanda yake muku kirari yana ɓoye muku ramin, shi ya kamata ku ji tsoro.

Kwalbatinmu, in kuna son jin ƙarshenta, mun rubuta takarda. Mun koma sau huɗu. Ba a yi ta a shekarar farko ba, mu muka zuba buhunan ƙasa da gayya muka lallaɓa. A shekara ta biyu ta shiga kasafi, aka yi ta. Duk ranar da na bi ta kanta sai na tuna cewa farar takarda guda da biro ne suka gagare mu shekara biyu. Ba na so waninku ya koyi wannan karatun ta hanyar da gidanmu ya koya.

Nan da Juma'a biyu ina so in ga littafi 11 a kan teburin nan. Shugabannin matasa na mazaɓu, ku tsaya bayan addu'a mu raba aikin.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya ba mu ikon faɗa musu gaskiya cikin mutunci. Allah ya ji ƙan iyayenmu, ya raya mana zuri'a, ya zaunar da Dawakin Tofa da Jihar Kano da Najeriya lafiya.